Tawul a Cikin Ganga

"Ba zan cusa ba," na ce.

Malama Tadokoro, shugabar makarantar renon yaran da nake koyarwa, ba ta ɗago kai daga takardun da take buga wa hatimi ba. Tawul ɗin na kan teburinta a ninke, fari, irin wanda mai sayar da iskar gas ke rabawa a sabuwar shekara. Kusa da shi ga ƙaramar ganga ja da aka kwance wa fata ɗaya.

"Ban ji ki ba, Malama Shiori."

"Na ce ba zan cusa tawul a gangar Kotone ba, Shugaba."

A ofishin malamai muke. Malama Chizuru ta ajin 'yan shekara huɗu ta daina yankan tutocin takarda, almakashi a buɗe a hannunta.

Kowace shekara, Asabar ta biyu a watan Oktoba, ajin manya, wato 'yan shekara biyar, su ne ke buɗe ranar wasanni da kiɗan ganguna. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana yi, kuma da shi aka san makarantarmu. Yara sun yi ƙaranci a garin, makarantu uku ne ke rububin waɗanda suka rage, kuma mako uku bayan ranar wasanni ake karɓar takardun sababbin shiga. Uwar da ta ga yara ashirin da shida sun tsaya cak a kan bugu ɗaya, ita ce za ta kawo nata. Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne tawul. Duk yaron da ya kasa bin kiɗa zuwa watan Satumba, malamar ajinsa za ta kwance gangarsa, ta danna tawul a ciki har ya tokare fatun biyu, ta ɗaure, ta manna koren salatif a gindi don kada a ruɗe. Yaron zai yi ta duka iya ƙarfinsa, hannunsa na tashi kamar na kowa, amma ba abin da ke fita. A bidiyo ba mai ganewa.

A shekarar nan ni ce malamar ajin manya, Kotone kuwa ita ce yarinyar da bugunta ke zuwa a makare.

"Ba wanda ya ce a cire ta," in ji Shugaba. "Za ta sa jar riga, za ta tsaya a layi, kakarta za ta ɗauki hoto. Ina cutar?"

"Za ta yi mako biyar tana dukan tawul, tana zaton kiɗa take yi."

"To? Ta ji daɗi, gidansu sun ji daɗi."

"Ni ba a koya min yaudarar yaro ba. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta kiɗa da motsa jiki na ƙananan yara, kuma ba ranar da aka ambaci tawul."

Malama Tadokoro ta ajiye hatimin. Duk malaman da ke ɗakin shekara biyu suka yi a kwaleji, har da ita. Na san haka lokacin da na faɗa, kuma ban janye ba.

"Ashe da farfesa muke zaune ba mu sani ba," ta ce. "To, Farfesa, gobe da safe ina son takardar neman afuwa a kan teburin nan, da gangar a ɗaure."

Washegari ban kawo takarda ba. Gangar na ɗaure ta ba komai a ciki, tawul ɗin kuma na goge fiyano da shi.

Ba wanda ya yi min tsawa. A makarantarmu ba a tsawa. Kawai dai in na shigo da safe na yi gaisuwa, sai kowa ya tsura wa takardarsa ido. In an dafa shayi, kofina ba ya hawa faranti. Wanda yake da magana da ni sai ya rubuta a 'yar takarda ya manna a teburina, ko da ina zaune a wurin. Aka mayar da taron malamai daga ƙarfe huɗu zuwa uku da rabi ba a gaya min ba, na shigo kowa na zaune, Shugaba ta dubi agogo ta ce, "A jami'a ba a koyar da lokaci, ko?" Wankin kejin zomaye, cirar ciyawa a fili, da zana layuka da farar ƙasa tun bakwai na safe, duk ayyukan da a da ake yi bi da bi, sai suka tare a ƙarƙashin sunana a allon aiki. Na yi su duka, kuma na yi su da kyau. Layukana sun fi na kowa miƙewa, don da igiya nake ja.

A gida mahaifiyata ta ce, "Ki je ki sunkuya ki ba da haƙuri mana. Me zai ragu a jikinki? Kwantiragin shekara ɗaya fa gare ki."

"Ba ni zai rage ba, Mama."

"Taurin kan ubanki," ta ce, ta ƙara min miya.

Kotone 'yar ƙarama ce, haƙorinta na gaba ɗaya ya fita, kuma bakinta ba ya rufuwa. Tana zaune da uwarta da kakarta a saman shagon awarar kakar, bayan tashar jirgin ƙasa, shi ya sa kullum rigarta ke ƙamshin dafaffen waken suya. Na yi kwana uku ba na kallon kowa a wurin gwaji sai ita. Sai na gane abin: ba kiɗan take saurare ba, hannun Itsuki take kallo, yaron da ke tsaye a gefenta na dama. Sai sandarsa ta sauka sannan tata ta tashi. Ba laifinta ba ne. Yadda ake gwajin, yara za su tsaya a kan alamar da aka buga musu a ƙasa, minti arba'in cikin rana, Shugaba na kan dakali da usur, kuma doka ce ƙafa ba ta motsi. Yarinyar tana tsoron kuskure, shi ya sa take jira ta gani.

Gwajin fili na Shugaba ne, amma rabin awa bayan cin abincin rana nawa ne. Sai na fara kwashe ajin gaba ɗaya zuwa zaure, kowa ya cire takalmi da safa, ni kuma na zauna a fiyano. In na danna maɓallai masu kaurin murya a hankali, giwaye ne, kowa ya sunkuya yana lilo da hannu ɗaya yana taku mai nauyi. In na koma sirara da sauri, mazari ne, a buɗe hannuwa a zaga zaure da gudu. In na shiga bugawa ɗai-ɗai, kwaɗi ne, a tsuguna a yi tsalle huɗu a huta, tsalle huɗu a huta. In na ɗauke hannu kuwa, kowa ya daskare inda yake, wanda ya motsa ya zama tafki, sauran su tsallake shi. Itsuki kullum da gangan yake motsawa, don ya fi son zama tafki.

A rana ta biyu na ga kwaɗon Kotone yana dira daidai kan bugu, ba gaba ba baya. Giwarta ma haka. Ashe kiɗan na nan a ƙafarta.

Na kira ta gefe. "Kotone, in kina kan layi ki daina kallon Itsuki."

"To wa zan kalla? Shugaba tana da ban tsoro."

"Ba kowa. Ki dinga buga babban ɗan yatsanki a cikin takalmi, kamar kwaɗo. Ba mai gani. Shi za ki saurara."

"Ɗan yatsa ba ya magana, Malama."

"Naki yana yi. Na ji shi ɗazu."

Ta duƙa ta kalli ƙafarta, ta ce, "Me ya ce?"

Zuwa ƙarshen Satumba tana bin kiɗan daga farko har kusa da ƙarshe. Ƙarshen ne matsala. Manyan bugu uku ake yi, Shugaba ta busa usur, kowa ya ɗaga sanduna sama, sai tsit. Wannan shirun shi iyaye ke zuwa gani. Kotone kuwa ƙafarta ta saba da huɗu, kuma ni na koya mata.

"Uku bai cika ba, Malama," ta ce. "Kwaɗon yana sama bai sauko ba."

"Ki bar shi a saman."

"Zai gaji."

Mun yi ta yi. In muka gwada sau goma, tana tsayawa a uku sau bakwai.

Wata yamma ina tsugune a kejin zomaye ina kankare ƙasa, sai ga inuwa a kaina. Malama Chizuru ce, da gorar shayin sha'ir mai sanyi. Ta waiga ta tabbata ba kowa a tagar ofis.

"Farfesa, su zomayen ma digiri za ki ba su?"

"Sun fi wasu saurin ganewa."

Ta yi dariya ta miƙo min gorar. Ban da Shugaba, ita ce malama ta farko da ta yi min magana da baki a cikin kwana goma sha tara.

"Kin san a makarantar nan na yi yarinta?" ta ce. "Ni ma na buga ganga. Kowace sabuwar shekara sai mahaifiyata ta kunna bidiyon, ta ce wa baƙi, ku ga Chizuru, ta fi kowa ɗaga hannu. Shekarar da na fara aiki a nan, Shugaba ta ba ni tawul, na tsaya ina kallonsa, sai ta ce, meye na mamaki, ke ma ai da shi kika yi."

"Me kika yi?"

"Na shiga banɗaki na yi kuka. Na fito na cusa wa yaron ajina."

"Bayan kin sani?"

"Saboda na sani. Na tuna yadda na ji daɗi a ranar." Ta tsinci ganyen kabeji ta tura wa zomo. "Ki daina kallon Shugaba kamar mayya. Kafin a fara tawul, an yi wani yaro da ya ɓata kiɗa, fili duka ya kwashe da dariya, ya yi fitsari a tsaye a gaban kowa. Bai ƙara zuwa makaranta ba har aka yaye ajinsu. Ita ce malamarsa."

"Wannan yaron ba Kotone ba ne."

"Ke dai kin ji. Kawo gorata, kada a gan ni da ke."

Ranar Laraba aka yi gwajin ƙarshe, da riguna da komai. Da safen aka manna min takarda cewa in kai wasu fom-fom ofishin gunduma da kaina. Kafin in dawo an gama, yara na cire huluna. Kotone ta ja min riga.

"Malama, gangata ta yi mura."

"Mura kuma?"

"Muryarta ta dishe. Na doke ta da ƙarfi, ta ƙi magana. A ba ta magani."

Na juya gangar. Ga koren salatif.

Na shiga ɗakin ajiya da ita, na kwance fatar, na zaro tawul ɗin, na ɗaure, na ɓare salatif ɗin. Na miƙa wa Kotone na ce ta gwada. Ta buga, ta ce, "Ta warke!" Tawul ɗin na ninke shi yadda na fara ganinsa, na kai ofis na ajiye a kan teburin Shugaba a gaban kowa.

Ta dube shi, sannan ta dube ni.

"Kin san kwantiraginki a watan Maris yake ƙarewa."

"Na sani, Shugaba."

"To bari in gaya miki wanda ba ki sani ba. In aka yi dariya ranar Asabar, ba ke za a yi wa ba."

Na rusuna na fita. Alhamis da Juma'a a kwandon kekena gangar ta tafi gida, ta kwana a ɗakina.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Tun kafin a buɗe ƙofa iyaye maza sun yi layi da tabarmi don kama wuri mai kyau. Zuwa tara filin ya cika, tutocin takarda na kaɗawa a sama, kakanni a kan 'yan kujeru, kowane uba da kyamara a ido. Ni na rataya wa Kotone gangarta da hannuna, na gyara mata hula.

"Nawa ne a ƙarshe?"

"Uku. Kwaɗo ya zauna a sama."

Suka shigo cikin jajayen riguna, suka tsaya a kan layukan da na zana. Shugaba ta hau dakali ta busa usur. Kiɗan minti huɗu ne. Ina tsugune a gefen fili, kuma ban kalli fuskar kowa ba, takalmin Kotone nake kallo. Bakinsa yana ɗan tashi yana sauka. Ba ta kalli Itsuki ko sau ɗaya ba. Ganguna ashirin da shida na tafiya kamar ɗaya, kuma duka ashirin da shidan suna da murya, abin da ba a taɓa yi ba a filin nan tun ina 'yar firamare.

Aka zo ƙarshe. Ɗaya. Biyu. Uku. Usur. Sanduna suka tashi sama, fili ya yi tsit.

Dum.

Dariyar daga wajen iyaye maza ta fara, ta zaga fili. Ba ta mugunta ba ce, amma mutum ɗari uku ne. Wani ya yi tafi, wani ya ce, "A ƙara ɗaya!" Kotone ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ɗaga sandunanta sama a makare. Shugaba ta sauko daga dakali ba ta dubi inda nake ba.

Da aka tashi cin abinci na nufi tabarmarsu. Kakar ta matsa min wuri. "Malama, zauna ki ci. Soyayyar awara ce, da asuba na yi."

Maman Kotone ba ta zauna ba. A masana'antar kayan mota take aiki, kuma da ƙyar ta sami hutun ranar. Wayarta na hannunta, tana ta haske.

"Har an saka bidiyon a zauren iyaye mata na waya," ta ce a hankali, don kada maƙwabta su ji. "Malama Shiori, akwai yadda ake yi wa irin Kotone. Me ya sa ba a yi mata ba?"

"Kin san da tawul ɗin?"

"Wa bai sani ba? Yayar Itsuki da shi ta yi. Ba a dai faɗa ne."

"Ta iya kiɗan, Maman Kotone. Kin gani da idonki, minti huɗu ba kuskure."

"Minti huɗun ba su aka saka ba." Ta juyo min da wayar. Daƙiƙa shida ne. "Ke wata rana za ki bar garin nan. Ita shekara shida za ta yi a firamare da yaran nan. Kin tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Ko a raina bai zo ba.

Kotone ta ɗago, bakinta cike da dunƙulen shinkafa. "Malama, kin ji tawa?"

"Na ji."

"Kaka ma ta ji. Kaka ba ta ji sosai, amma ta ji."

"Ita kaɗai ma na ji," in ji kakar. "Sauran duk hayaniya ce. Ci mana, Malama, za ta huce."

Na ci guda ɗaya, don ba a ƙin abincin tsohuwa.

Daga ranar Talata yara suka sa wa Kotone suna Dum. Ta yi kuka sau biyu a makon farko, na biyun a ƙarƙashin fiyano, sai da na shiga na zauna da ita. Bayan nan ta fara amsawa, in an ce Dum ta buga cikinta ta ce dum. Ban san ko daɗinsa take ji ba ko ta gaji ne. A wasan kwaɗi har yanzu ita ce ta fi kowa.

Shugaba ta ce in rubuta neman afuwa a takardar wata-wata da ake aika wa iyaye, in kuma tashi in faɗa a taronsu. Na ƙi. Na dai je shagon awara wata Lahadi, na tsaya a bakin ƙofa na rusuna, na ba Maman Kotone haƙuri a kan abu ɗaya, cewa ban tambaye ta ba. Ta ce ta ji, ta koma ciki. A kan gangar ban ba kowa haƙuri ba, kuma har yau ban ba ba.

Sababbin shiga sun ragu da huɗu a shekarar. Shekarar da ta gabace ta ma sun ragu da uku ba tare da wani dum ba, amma ba wanda ya tuna. Na ƙarasa watanni biyar ɗin da suka rage da 'yan takardu a teburi da kejin zomaye, har cikin sanyin da sai na fasa ƙanƙarar kwanon ruwansu da safe. Ban yi fashi ko na kwana ɗaya ba. A watan Maris na buga wa ajina fiyano a bikin yaye su, na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Da yamma Shugaba ta kira ni ofis ta ce ta gode da ƙoƙarina, ta miƙo min furanni.

Ba ta ba ni takardar shaida ba. Shugabannin makarantun nan uku duk wata suna cin abinci tare, don haka sauran biyun ko ganawa ba su kira ni ba. Na rubuta wa wasu biyar a garuruwan kusa, kowacce ta buga waya tsohon wurin aikina tukuna. Chizuru ta ce min bana ganguna biyu aka manna wa koren salatif.

Yanzu a kantin bakin tasha nake, ina jera dunƙulen shinkafa ina karɓar kuɗi daga shida na safe zuwa biyu. In Maman Kotone ta shigo, layin ɗayar mai karɓar kuɗin take bi. Na rasa aikin da na yi shekara huɗu ina karantawa, kuma wata tara ke nan ban buga wa yaro fiyano ba.